Yadda Ake Tafiya Dogon Hutu Ƙasar Waje a Bar Ofis a Gida

Tafiyata ta farko sunan hutu kawai ta ci. Kwana 12 na yi a Alƙahira, layin ofis a buɗe, ga ambulan a aljihu da na rubuta saƙon mutum 19 a bayanta: abaya, turare, man habbatussauda, littattafai, har da gwaggona da ta ba ni takardar likitanta wai in tambayo mata maganin ciwon gwiwa. Da rana ina kasuwa ina ciniki da Larabcin Islamiyya, da dare ina bakin gadon otal ina gyara lissafin da aka turo daga ofis ta WhatsApp. Ranar da na sauka Kano na kamo hanyar Gombe, uwargida ta tare ni a ƙofar gida, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, hutun ke nan? Ai ka fi kyan gani ranar da ka tafi."

Bayan shekara uku na sake gwadawa, wannan karon kwana 28 a Kigali, babban birnin Ruwanda. Na dawo ina barci har kiran asalatu, ba farkawar tsakar dare ina lissafin fayil. Abin da ya raba tafiyoyin biyu a nan Gombe aka yi shi, watanni kafin in hau jirgi, wajen kwance igiyoyin da suka ɗaure ni: ta ofis, ta kuɗi, ta gida da ta jama'a. Ga yadda ake kwance su bi da bi.

Takardar hutu tukuna, tikiti daga baya

Kada ka ga tikiti mai rangwame ka saya sannan ka je roƙon hutu. Ka miƙa wuya ke nan, duk kwanakin da aka yanka maka dole ka karɓa. Fara da sanin haƙƙinka. Mafi ƙarancin abin da dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanada shi ne kwana 6 na aiki, da albashi, bayan wata 12 ana aiki, don haka ma'aikacin kamfani ya koma takardar ɗaukarsa aiki ya ga abin da aka rubuta masa. A aikin gwamnati, wanda ke mataki na 7 zuwa sama yana da kwana 30 a shekara. Je wurin jami'in mulki ka tambayi abu biyu: ko Asabar da Lahadi suna shiga lissafi, da ko hutun bara da aka hana ka yana nan ko ya ƙone. Hutun da ba a rubuta ɗage shi a fayil ba, yawanci ya bi ruwa, komai yawan "za mu duba" da aka yi maka da baki. Malaman jami'a, na ATBU a Bauchi ko na Kashere, suna da hutun shekara guda bayan shekara shida na aiki, sai dai wannan ba na kwanciya ba ne, ana jiran bincike ko koyarwa a wani wurin. Mai son ya wuce abin da aka ba shi, akwai hutu ba albashi. A nema a rubuce, a kuma tambayi abin da zai taɓa a ƙarin girma da fansho kafin a sa hannu.

Ma'aikacin gwamnati ya faɗa a takardarsa cewa a ƙasar waje zai yi hutun, ya nemi izinin fita, ya riƙe kwafin amincewar. Wannan takardar za ta sake yi masa rana a wurin neman biza, domin ita ce shaidar yana da aikin da zai dawo masa.

Sai zaɓen lokaci. Mu masu aikin lissafi, Disamba da Janairu ba namu ba ne, rufe littafi ake yi. Malamin makaranta yana da dogon hutun ƙarshen zango na uku. In kana taɓa noma kamar yawancinmu, kada ka tafi tsakanin shuka da noman farko, kada kuma ka bar amfani a gona lokacin kaka. Za ka zauna a wata ƙasa zuciyarka tana wajen Kumo tana ƙirga buhun masara.

Wata huɗu kafin lokacin na shiga wurin shugabana da takarda a hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga lokacin da nake nema, ga wanda zai riƙe teburina, ga abin da zan gama kafin in tafi." Ya juya takardar ya ce, "To in wani abu ya taso fa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, da ciwo ne ya kwantar da ni, Allah ya kiyaye, ai ba za a rufe ofis ba." Ya yi dariya, ya sa hannu.

Nan ne aikin gaske yake, kuma nan ne muke yaudarar kanmu. Da yawanmu mu ne muke ɓoye sanin aiki don a riƙa nemanmu. Fayil ɗin da kai kaɗai ka san inda yake, lambar sirrin da ke kanka kai kaɗai, ɗan kwangilar da ba ya magana da kowa sai kai: duk waɗannan suna sa ka ji kai wani ne, kuma su ne za su kira ka ƙarfe goman dare a wata ƙasa. Maganinsu shi ne takardar miƙa aiki, shafi biyu ko uku: aikin da ke tafe da ranarsa, wanda ake kira a kan kowane, inda makulli da fayil suke, da abin da zai iya jira har ka dawo. Takarda kaɗai ba ta isa. Mako biyu kafin tafiya, zaunar da wanda zai riƙe maka a kan kujerarka, ya yi aikin da hannunsa kana gefe, ya yi kuskurensa a gabanka. In sa hannunka ake buƙata wajen fitar da kuɗi, a rubuta a hukumance wanda zai maye gurbinka, kada ka bar wa kowa lambar sirrinka a ɓoye. In aka yi ɓarna da ita, sunanka ne a kai.

Kwana nawa?

A ganina duk abin da bai kai mako uku ba ziyara ce. Makon farko jiki sauke kaya yake yi: barci ba kai ba gindi, mura, ciwon kai, hannu yana lalubar waya da ƙarfe takwas na safe kamar za a makara. A mako na biyu kai ke fara yin shiru. In a rana ta goma ka fara haɗa jaka, ka biya kuɗin jirgi ne don ka yi jinya. Mako huɗu zuwa shida shi ne daidai ga mai iyali. Fiye da haka kewar gida da ƙarewar guzuri sukan zama wata sabuwar gajiya.

Inda za a je

Fasfonka da aljihunka ne za su zaɓa, ba hotunan Instagram ba. Mafi sauƙi su ne ƙasashen ECOWAS, inda ɗan Najeriya ke shiga ba biza ya zauna har kwana 90. Kada ka raina Gana don tana kusa. A Akara, in ka shiga Nima ko Sabon Zango, Hausa za ka ji a bakin mai shayi, ga koko da ƙosai da safe, ga shinkafa da waken da suke kira waakye, wanda sunan ma daga bakinmu ya fita. Daga can kana iya zuwa Aburi ka sha iskar tudu, ko Kef Kwas ka ga teku da tsohon gidan da aka riƙa tsare bayi kafin a ɗora su a jirgin ruwa. Senegal da Gambiya ma suna cikin wannan sahun, kuma abinci da masallaci ba sa wahalar samu.

Ruwanda tana barin ɗan Afirka ya shiga ya zauna kwana 30 ba tare da biyan kuɗin biza ba, abin da ya sa na tsaya a 28 ke nan. Kigali tana kan tuddai, wajen mita 1,500 sama da teku, ba zafi ba sanyin da ya wuce rigar sanyi mara nauyi. Sai dai lura: Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke haura 40 har kwalta tana laushi, lokacin ne ruwan sama ya fi ƙarfi a can. Ranin Ruwanda daga Yuni ne zuwa tsakiyar Satumba. Kenya kuwa ta sauya ƙa'idar shigarta fiye da sau ɗaya tun daga Janairun 2024, don haka kowace ƙasa ka zaɓa, duba shafin hukumar shige da ficenta a makon da za ka sayi tikiti, kada ka dogara da labarin wanda ya je bara.

Da yawa daga mutanenmu Umara suke haɗawa da hutu, kuma dabara ce mai kyau in an yi ta da hankali. Bizar Umara tana ba da damar zama har kwana 90. Gama ibadarka a Makka, sannan ka koma Madina ka zauna, daga masauki zuwa masallaci, ba kasuwa ba rakiyar kowa. Amma goman ƙarshe na azumi ba lokacin hutu ba ne, cunkoso da tsadar masauki sun kai maƙura. Ana kuma rufe Umara na ɗan lokaci gabanin Hajji, kuma zafin tsakiyar shekara a can ya fi namu.

Masar, Maroko, Turkiyya da Malesiya duk suna buƙatar biza. Turai ta fi su wuya. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, iyakarta kwana 90 a cikin kowane 180, kuɗinta Yuro 90 tun Yunin 2024, ba a mayarwa in an hana ka, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Wanda fasfonsa sabo ne fil, ba tambari ko ɗaya, gara ya fara da inda ba a neman biza, ya je ya dawo a kan lokaci. Tambarin nan shaida ne a gaba.

Duk inda ka zaɓa, zaɓi gari ɗaya ka zauna. Ƙasa uku a wata ɗaya yawon tasha ne. Nemi ɗaki mai wurin girki, wanda ake biya a wata, ya fi otal araha nesa ba kusa ba. Yadda nake yi: in kama masauki a intanet wanda ake iya sokewa, don in sami abin nuna wa jami'an shige da fice tare da tikitin dawowa, in kwana uku a ciki, in zaga unguwa da ƙafa, in ga nisan masallaci da kasuwa, in ji ko akwai gidan rawa a maƙwabta, sannan in biya na wata. Hoto ba ya nuna hayaniya.

Takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ciro fasfonka yau ka duba ranar ƙarewarsa. Ƙasashe da yawa da kamfanonin jirgi suna son ya rage aƙalla wata 6. Daga 1 ga Satumban 2025, mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuma 200,000. Ana cikewa a biya a shafin Hukumar Shige da Fice, sannan a je ofishinta na jiha a ɗauki hoto da zanen yatsu. Abin da ya fi riƙe mutane shi ne saɓani tsakanin bayanan NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da na tsohon fasfo: Muhammad a nan, Mohammed a can, ko ranar haihuwa ta bambanta. Gyara wannan tukuna, yana cin makonni.

Sai yalon kati, shaidar allurar cutar shawara. Ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Je ofishin lafiya na filin jirgi a yi maka allurar a ba ka na gaskiya mai lambar da ake dubawa a kwamfuta. Na bayan fage yana iya sa a tsare ka a ƙasar mutane. Mai zuwa Umara akwai ƙarin allurar sanƙarau.

Game da ejan: akwai na kirki, suna rage wahala, musamman a Umara. Amma duk wanda ya ce zai "gyara" maka bayanan asusun banki, ko ya ce biza tabbas ce, tashi ka bar ofishinsa. Takardar ƙarya in aka kama ta, kai ake hana shiga shekaru, shi yana nan yana karɓar kuɗin wani. In ya saya maka tikiti, karɓi lambar ajiyar kujera ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka ka ga an biya. Na san wanda ya isa Abuja da takarda mai kyan gani, ashe kujerar kama ta aka yi ba a biya ba, ta faɗi tun kwana uku.

Sayi inshorar tafiya ko ba a tambaye ka ba. Inshorar lafiyar da ake cire maka a albashi iyakarta Najeriya. In kana shan maganin hawan jini ko na suga, ga likitanka kafin tafiya, ka ɗauki wanda zai ishe ka har da ƙarin mako guda, a cikin kwalinsa, tare da takardar likita.

Kuɗi

Lissafi uku ne, ba ɗaya ba. Na farko tikiti, biza, inshora da masauki. Na biyu kuɗin kashewa: ƙiyasta na rana ɗaya, ninka da yawan kwanaki, ƙara kashi 20 cikin ɗari, domin naira ba ta da alƙawari. Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne gida: cefane, kuɗin makaranta, zubin adashi, katin mita, da abin da kake ba iyaye duk wata. In na ukun bai cika ba, tafiyar ba ta nuna ba tukuna. Kuma hutun da aka ci bashi aka yi, a dawo ana cire rabin albashi wata goma, wannan sayen gajiya ne da tsada. Buɗe asusun dala, ka riƙa zuba kaɗan-kaɗan tun shekara guda kafin lokacin.

Akwai guzurin tafiya na banki, wanda ake kira PTA, har dala 4,000 a kowane wata uku, ana nema da fasfo da tikiti da biza in ƙasar tana buƙata. A Fabrairun 2024 Babban Banki ya ce ta kati za a riƙa biyan sa, ba tsaba ba. In wurin 'yan canji za ka saya, a Wapa ta Kano ko wurin wanda ka amince da shi a gida, ƙi karɓar tsohuwar dala mai ƙaramin kai da wadda ta yage ko aka yi wa rubutu. Nemi ɗari-ɗari mai shuɗin zare a tsakiya, wadda aka fara fitarwa a 2013. A gabashin Afirka na ga mai canji ya ɗaga takarda ya duba shekara ya turo wa mai ita abarsa ba ko magana. Tsabar da ta haura dala 10,000 dole a bayyana wa kwastan a filin jirgi.

Raba kuɗinka gida biyu: wasu a kati, wasu a jiki. Tambayi bankinka ko katinka yana aiki a waje da iyakar abin da zai cire. Ka tabbata kuma layin da banki ke turo maka lambar tabbatarwa an buɗe masa aiki a ƙasar waje, da ɗan kuɗi a ciki, in ba haka ba ranar da uwargida ta ce gas ya ƙare za ka ga kuɗinka a asusu ka kasa taɓa su.

Gida da jama'a

In ka ce Umara za ka, addu'a za a yi maka. In ka ce asibiti, a yi maka sannu. In ka ce hutu kawai za ka, sai a yi shiru, a fara lissafin albashinka. Da na je yi wa Hajiya sallama cewa ta yi, "Hutun me? Gidan naka ba gado?" Na ce, "Hajiya, gado akwai, amma ƙofar ba ta rufuwa." Ta gane. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hutu ya zauna a gida ya san yadda ake yi: ɗaurin aure a Bajoga, ta'aziyya a Dukku, sulhun gado, rakiyar mara lafiya, ga ɗan aike daga ofis da fayil a hannu wai sa hannu ɗaya ne kawai. Ta ce, "Allah ya tsare, ya dawo da kai lafiya."

Iyaye da iyali su sani tun da wuri, da ɗan'uwa ɗaya da za ka damƙa wa amanar gida: shi zai kai yaro asibiti in dare ya yi, shi zai wakilce ka a suna da jana'iza. Bar masa kuɗin ko-ta-kwana daban. Sauran jama'a, ana gobe tafiya ya isa. Ba rowa ba ce. Labarin da ya bazu da wuri shi ke haifar da ambulan mai suna 19. Wanda ya kawo saƙo, ka ce masa tafiyar ba ta kasuwa ba ce, jaka ɗaya gare ka. Tsaraba kuwa iri ɗaya ga kowa, a saya rana ɗaya a wuri ɗaya. Daga Ruwanda ganyen shayi na kawo, ƙasar shayi da kofi ce, ba wanda ya yi ƙorafi a gabana.

Ku zauna da matar gida ku yi maganar nan tsakani da Allah. Wata guda za ka bar mata yara da hidima, gajiyarta ba ta gaza taka ba. In hali ya yi ku tafi tare, ko ta same ka a makon ƙarshe. In bai yi ba, a san lokacin da nata zai zo, a faɗe shi da rana da wata. Mai mata fiye da ɗaya ya san lissafin da ke kansa, ya warware shi kafin ya tashi.

Hanya da jaka

Daga nan sai an bi ta Abuja ko Kano. Ethiopian Airlines da EgyptAir suna tashi daga biranen biyu. Ni ta Adis Ababa na bi. In jirgin Abuja za ka hau daga filin jirgin Gombe da ke Lawanti ko daga filin Tafawa Balewa na Bauchi, kada ka haɗa shi rana ɗaya da jirginka na waje. Tikiti biyu ne daban, in na farko ya makara, na biyu bai san da kai ba. Tafi ana gobe ka kwana a Abuja, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da hazo ke hana jirage sauka. In mota ce, Gombe Line ko Yankari Express ta safe, ka isa da rana.

Jakarka kai ka haɗa ta, kai ka kai ta awo, ka duba lambobin da aka manna a tikitinka sun yi daidai da yawan jakunkunanka. Kada ka riƙe wa kowa ƙulli, ko dattijuwa ce ta roƙe ka a layi. Ba a manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya daga ƙarshen 2018 zuwa Afrilun 2019 ba, a kan jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta ba ta sani ba. Goro an hana shiga da shi Saudiyya. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Turai da Ingila. Tiramadol da maganin tari mai kodin suna iya kai mutum kurkuku a Masar da ƙasashen Larabawa. Ruwanda ta hana leda tun 2008, don haka yajinka da kukarka a zuba su a roba mai murfi. Sayi adafta: Gana da Saudiyya soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, Ruwanda da Masar mai zagayen baki biyu.

In an isa

Aikin ranar farko shi ne waya. Sayi layin ƙasar da fasfonka, ka ba mutum uku lambar: uwargida, mai riƙe amanar gida, da mai riƙe teburinka, shi ma da sharaɗin abin da ba zai iya jira ba. Layin Najeriya ya koma ƙaramar waya a cikin jaka, a kunna shi in ana buƙatar lambar banki. Zaurukan WhatsApp na ofis, ka yi sallama ka fita; rufe musu murya ba ya aiki, za ka leƙa. Cire imel ɗin aiki daga wayar gaba ɗaya. A kwana 28, sau biyu aka kira ni daga ofis, ɗayan ma tambayar makullin durowa ce da na manta ban rubuta ba.

Tunda zama ka zo yi, ka tuna a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya daina ƙasaru, salla cikakkiya zai yi. Lokutan sallar su suka zame mini ginshiƙin yini, ban ƙara wani jadawali a kansu ba sai abu ɗaya a rana. Bayan asuba in taka tudu, ina haki kamar tsoho a makon farko, domin mutumin da ya shekara goma daga mota sai kujera bai san nauyin jikinsa ba sai ya gamu da hawa. Da hantsi kasuwar Kimironko in sayo ayaba da wake da tumatir in dafa abina. Da la'asar in gangara Nyamirambo, unguwar da Musulmi suka fi yawa, in zauna a Biryogo inda aka hana mota shiga aka jera kujeru a kan titi, in sa a kawo shayi. A rana ta tara ne na lura na shanye kofi biyu, na kalli yara suna wasa har aka kira magariba, ban duba agogo ba ko sau ɗaya.

Asabar ta ƙarshen wata da safe gari yakan tsaya cak, shaguna a rufe, jama'a na aikin gayya da suke kira Umuganda. Sayi abin karin kumallo tun daren Juma'a. Wurin tunawa da kisan ƙare-dangi na 1994 da ke Gisozi ya cancanci zuwa, amma yana da nauyi, ka bar shi sai tsakiyar zama, kada ka sa komai bayansa a ranar. Fita ɗaya na yi daga birnin, kwana uku a Karongi bakin tafkin Kivu, na dawo ɗakina.

Wajen mako na uku wani abu zai taso maka: kunya, kamar kana aikata laifi da zaman banza, sai ka ji kana son ka nemi harkar kasuwanci ko ka fara rubuta tsarin gyara ofis. Sayi ɗan littafi, duk tunanin da ya zo ka rubuta shi layi ɗaya ka rufe. Kuma kada ka wuce ranar da aka buga maka a fasfo ko da kwana ɗaya. Tara ce, wani lokacin da hana dawowa.

Dawowa

Shirya tikitinka yadda za ka iso gida Laraba ko Alhamis, ka koma aiki Litinin, kuma ofis ba sai sun san ka iso ba. Kwanakin nan na iyali ne, da gaida iyaye, da zagayen ta'aziyyar da aka yi ba ka nan. Ranar Litinin kada ka fara da tarin saƙonni. Kira wanda ya riƙe maka, ku zauna awa ɗaya da takardar miƙa aikin nan, ya faɗa maka abin da aka gama, abin da ke jira, da inda ya sauya hanya. Kai masa tsarabarsa daban, ka kuma rubuta wa shugabanku yabonsa a takarda ta shiga fayil ɗinsa. Cikin ayyukan da na miƙa wa nawa, biyu ban karɓe su ba har yau; ya fi ni iya su, kuma shi ake kira a kansu.